Waiwaye: A ina suna yake ƙarewa? Daga troff zuwa TeX

Duk wanda ya taɓa leƙa fayil ɗin da ke bayan shafukan jagora na Linux, waɗanda umarnin man yake nunawa, ya ci karo da layuka irin su .TH da .SH da .PP. Haruffa biyu-biyu, ba ƙari. Ba rowar rubutu ce ta jawo haka ba. Gado ne daga kwamfutocin farkon shekarun 1970.

Tushen abin shi ne RUNOFF, manhajar tsara rubutu don bugawa da Jerome Saltzer ya rubuta a jami'ar MIT ta Amurka a 1964: layin da ya fara da ɗigo umarni ne, sauran kuwa rubutu ne da za a buga. Masu tsarin kwamfuta na Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs suka ɗauki wannan tsari suka yi roff, daga nan Joe Ossanna ya yi nroff, sannan troff a 1973 saboda injin ɗab'i na CAT.

Da aiki ya yi nisa, sai marubuci ya buƙaci ya ajiye lamba ko jimla, ya raɗa mata suna, ya kira ta a tsakiyar rubutu. A nan manhaja take da aiki biyu: ta gane inda sunan ya fara da inda ya ƙare, sannan ta nemo abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa. Na farkon ya fi wuya, domin sunan yana manne da kalmomin marubuci.

Ossanna ya yanke hukunci a taƙaice. Misali wajen kiran lamba, in sunan harafi ɗaya ne, a rubuta \nx. In biyu ne, a rubuta \n(xx, a buɗe baka ba tare da an rufe ba, domin manhajar ta san haruffa biyu za ta ƙirga ta tsaya. Wannan ya dace da kwamfutarsu, PDP-11, wadda ma'auninta bit 16 ne: haruffa biyu suna shiga gurbi ɗaya daidai, sai sunan ya zama lamba guda, a kwatanta shi da wani a taki ɗaya. A na'urar da wurin ajiyarta bai taka kara ya karya ba, dabara ce mai kyau.

Mutane ne suka ɗanɗana kuɗarta. Sunaye masu ma'ana suka yi karanci, har aka saba ba umarnin da mutum ya ƙirƙira manyan haruffa don kada ya yi karo da na asali masu ƙananan haruffa. Tun da ƙirga ake yi, in aka rubuta .dsabcd (.ds shi ne umarnin ajiye jimla), troff zai fahimta cewa a ajiye "cd" a ƙarƙashin suna "ab". Abin da ya fi ban haushi shi ne in ka kuskure harafi: lambar da ba a ajiye ba sifili za ta ba ka, jimla kuwa ta fito wayam, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba.

Ossanna ya rasu a 1977. Brian Kernighan ya gyara troff ya yi aiki da injinan ɗab'i iri-iri, amma ƙa'idar haruffa biyu tana nan. Sai a 1990 groff, sabon troff na James Clark, ya kawo \n[suna], inda baka mai kusurwa take rufe sunan komai tsawonsa. Duk da haka dole aka bar zaɓin -C domin tsofaffin takardun da suka dogara da ƙirga.

Donald Knuth na jami'ar Stanford, da ya fara TeX, wata manhajar tsara rubutu, a ƙarshen shekarun 1970, wata hanya ya bi. Bayan alamar \ a ci gaba da karanta haruffa har sai an tarar da abin da ba harafi ba. Ga sunaye masu tsawo, amma ga sabuwar matsala: tazarar da ta biyo bayan suna ana haɗiye ta. Rubuta "\TeX ya zo", sai ka ga "TeXya zo" a takarda. Shi ya sa ake ƙara {} bayan sunan. Wajen nema kuwa, ana lissafa lamba daga haruffan sunan, ita ce take nuna gurbinsa a jadawali. Jadawalin TeX na 1982 (TeX82) na asali gurbi 2100 gare shi, in ya cika aiki ya tsaya. A ganina inda Knuth ya fi yin daidai shi ne sunan da ba a sani ba: TeX yakan tsaya cak ya nuna layin.

Sai dai mene ne "harafi"? A TeX kowace alama tana da aji, kuma ana iya sauya shi. Da haka LaTeX, tarin umarnin da aka gina a kan TeX, yake ɓoye sunayensa na ciki: yakan mai da @ harafi na ɗan lokaci, ya gama ya mayar. Nan ne maganar ta shafe mu. A tsohon TeX, a zuwa z ne haruffa, ƙanana da manya. Ƙ ɗinmu a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, bayit biyu ne (tsohon TeX yana ɗaukar kowane bayit a matsayin alama guda), ba ɗaya daga cikinsu da ke ajin harafi, saboda haka suna kamar \ƙasa ba zai karantu a matsayin suna guda ba. XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, da kuma LuaTeX, sababbin nau'o'in TeX ne da suke karanta Unicode, tsarin haruffan harsunan duniya, kai tsaye. A cikinsu LaTeX yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ a suna kamar kowane harafi.