Jinyar 'yan mazan jiyan Amurka a gida: wane ne likitan, kuma me ƙa'ida ta ɗora masa?

Makonni biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mutanenmu na unguwar Bronx da ke birnin New York. Mai maganar har rantsuwa ya yi cewa duk tsohon sojan Amurka da aka ce za a riƙa duba shi a gida, to likitoci sun fid da rai da shi ne, kuma da zarar ya sa hannu ya yi bankwana da gadon asibiti. Na so in kawar da kai, sai matar wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ta kira ni bayan isha'i. Mijinta ya yi soja a ƙasar nan tun yana da katin zama, kafin ya zama ɗan ƙasa. "Ɗana, don Allah kada ka ɓoye mini, Alhaji tafiya zai yi?" Na ce, "Hajiya, karanta mini abin da ke saman takardar." Haruffa huɗu ne: HBPC, wato Home Based Primary Care, kula da lafiya ta yau da kullum a gida.

Wannan shiri ne na Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda kowa ke kira VA, kuma ya fara tun farkon shekarun 1970. Abin da yake yi shi ne ɗauko ɗakin ganin likita na yau da kullum ya kawo shi falon mara lafiya. An yi shi ne don wanda cututtuka masu daɗewa suka taru a kansa, ciwon suga da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwa, har zuwa asibiti ya zama wahalar da ta fi amfaninta. Wanda ya yi rajistar lafiya da VA, likitoci suka ga yana da wannan buƙata, kuma gidansa yana cikin yankin da ayarin ma'aikatan lafiya na shirin ke zagayawa, ya cancanta.

Mai saƙon ya haɗa abu biyu ne ya dama. Akwai shirin jinyar ƙarshen rayuwa, wanda ake shiga idan likita ya yi hasashen saura wata 6 ko ƙasa da haka. Shi daban ne, takardarsa daban. HBPC ba shi da wannan sharaɗi, kuma mutane kan yi shekaru a cikinsa. Ba ya hana a kwantar da mutum idan ciwo ya tashi, ba ya hana ganin likitan zuciya ko na ƙoda. Haka kuma ba motar ɗaukar marasa lafiya ba ce. Idan numfashi ya sarƙe cikin dare, lambar gaggawa ta 911 za a kira kamar kowa.

Inda ya fi rikita mutane shi ne maganar likitan kansa. Hajiya ta ce an gaya musu nas ce za ta riƙa zuwa, sai ta ɗauka an rage wa mijinta matsayi. Ƙa'idar hukumar lafiya ta VA ta tanadi cewa kowane ayari yana da likita a matsayin daraktan harkar magani, kuma alhakin ingancin duk maganin da ake yi wa mutanen da ke hannun ayarin yana wuyansa. Da shi ake yanke wa za a karɓa, da shi ake tsara jinyar kowane mutum, kuma gabansa ake kawo labarin gida gida a zaman da ayarin ke yi a kai a kai. A zaman akwai nas, da jami'in walwala, da masanin abinci, da mai gashin ƙashi, da masanin magunguna, da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitan yakan shiga gida idan lamari ya cakuɗe, amma yawancin ziyara babbar nas ce ke yi, irin wadda ta yi karatun da ya ba ta damar gano ciwo da rubuta magani. A ƙarshen 2016 VA ta fitar da dokar da ta ba irin waɗannan nas damar yin aikinsu ba tare da likita ya tsaya a kansu ba. Don haka a gidaje da yawa ita ce "likitan" da iyali suka sani, shi kuwa darakta sai a yi watanni ba a ga fuskarsa ba. Wannan ba ha'inci ba ne, haka aka gina shirin. Amma ina ganin ya kamata a faɗa wa iyali wannan ɓaro-ɓaro tun ranar farko, tare da sunan likitan da hanyar samunsa, domin mutumin da ya saba likita ya dafa kafaɗarsa ba zai gamsu da jin cewa an tattauna batunsa a zaman ayari ba.

Sai sharaɗin da ake sa hannu a kai ba a karanta ba: mara lafiya ko mai jinyarsa ya amince ayarin gida ya zama shi ne babban mai kula da lafiyarsa. Wato likitan da ka shekara goma kana gani a asibiti zai miƙa ragama. Wannan ita ce 'yar gaskiyar da ke cikin jita-jitar, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho. Dalilin shi ne kada direba biyu su riƙe sitiyari ɗaya. Na ga amfanin haka da idona ranar ziyarar farko a gidan Alhaji. Hajiya ta ɗauko gwangwanin biskit cike da kwalaben magani, nas ta jera su a kan teburi tana karantawa ɗaya bayan ɗaya, sai ga maganin hawan jini iri ɗaya a kwalba biyu da suna biyu, yana shan duka. Daga nan ta buɗe firij ta leƙa, ta kuma nuna dardumar da ke bakin banɗaki ta ce a naɗe ta kafin ta kayar da shi. Da ƙyar a gano waɗannan a ganin minti 20 na asibiti. Kuma shigar ba dole ba ce, mutum yana iya cewa ya fasa ya koma asibitinsa.

Wasu kuma sun ce idan aka gan ka a masallacin Juma'a za a cire ka, har a ci ka tara. Wannan tsoro daga Medicare ya samo asali, inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama, wadda jinyarta ta gida take buƙatar mutum ya zama wanda fita ke yi wa matuƙar wuya. VA ba ta gindaya wannan sharaɗi da irin wannan tsanani ba, ballantana tara. Ita ma Medicare ɗin ta yarda da fita wurin ibada. Abin da kan sa a janye ayarin shi ne ƙaura daga yankin, ko komawa gidan kula da tsofaffi, ko gida ya zama haɗari ga ma'aikatan.

Kuɗi kuwa, wanda aka ƙiyasta nakasar da aikin soja ya jawo masa da kashi 10 cikin 100 ko fiye ba ya biyan kuɗin ganin likita. Wasu daga cikin sauran sukan biya dala 15 a ziyara, gwargwadon rukuninsu da samunsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: ayarin yana zuwa ya tafi, wanka da ɗagawa da tsayuwar dare kuwa suna kan Hajiya. Mai taimakon wanka da shara shiri ne daban, alawus ɗin mai jinya na iyali ma daban, kuma shi sai nakasar ta kai kashi 70. Dokar da aka sa wa sunan Sanata Elizabeth Dole, wadda Shugaba Biden ya rattaba wa hannu ranar 2 ga Janairu 2025, ta ɗaga iyakar abin da VA za ta iya kashewa kan hidimar gida daga kashi 65 na kuɗin gidan kula da tsofaffi zuwa kashi 100. Ci gaba ne, sai dai ba ya zuwa da kansa, sai an zaunar da jami'in walwala an nema.

Kafin in fito Alhaji ya tambaye ni ko ayarin zai bi shi idan ya koma Kano. Na ce a'a, Baba. A wajen Amurka abin da VA ke biya shi ne maganin ciwon da aka tabbatar aikin soja ne sanadinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce a mayar masa da dardumarsa ɗaki.