Tantance Adireshin Biyan Kuɗi Kafin Turawa

Tantance adireshin biyan kuɗi shi ne binciken da mai tura kuɗi kan yi wa lambar da aka ba shi kafin ya sa lambar sirrinsa, domin ya tabbata kuɗin za su faɗa hannun wanda yake nufi. Adireshin kan zo a siffofi da dama: lambar waya mai asusun kuɗi, lambar asusun banki, hoton QR da ake haskawa da kyamarar waya, ko dogon jerin haruffa da alƙaluma na jakar kuɗin kirifto. Binciken ya ƙunshi tambayoyi biyu da mutane suka saba cuɗawa wuri guda. Ta farko, an rubuta lambar daidai? Ta biyu, lambar ta wanda ake zato ce? Na'ura tana iya amsa ta farko. Ta biyun sai mutum ya tashi ya nemo amsarta da kansa, kuma ta nan ne akasarin damfara take samun ƙofa.

Maraɗi tsakanin sefa da naira

Maraɗi gari ne na fatauci, kuma iyakar Najeriya tana kudu da shi da kimanin kilomita 50. Hanyar da ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Jibiya, ta wuce Katsina zuwa Kano, ita ce jijiyar kasuwancinsa. Wake da aya da riɗi da dabbobi suna gangarawa kudu, atamfa da shadda na Kantin Kwari da kayan masarufi na kasuwar Singa suna haurowa arewa. A da, baƙo kan sauka wurin fatoma, fatoma ya tsaya masa, dillali ya shaida ciniki, in an ci amana kowa ya san ƙofar gidan da za a buga. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, duk sun rage tafiya da kuɗi a aljihu, sun tura ciniki cikin waya.

A cikin Nijar ana amfani da asusun kamfanonin waya irin su Airtel Money da Moov Money, da kuma gidajen aika kuɗi irin su NITA da Amana da Al Izza da Zeyna. A Najeriya akwai bankuna, ga kuma OPay da PalmPay da Moniepoint. Masu haɗa ɓangarorin biyu galibi ƴan canji ne: ɗan kasuwa ya miƙa sefa a Maraɗi, ɗan canji ya tura naira daga asusunsa na can. Ke nan lamba ɗaya tana bi ta hannun mai kaya, da mai saye, da yaronsa, da ɗan canji kafin a danna. A kowane hannu ana iya kuskure, a kowane hannu ana iya musanya ta.

Abin da siffar lamba take nunawa

Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce, tana bin 227. Ta Najeriya 11 ce in an haɗa da sifirin farko, tana bin 234. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma 10 ce tun bayan tsarin NUBAN da babban bankin ƙasar ya fito da shi a 2010, kuma na ƙarshe daga cikinsu lissafi ne da aka ciro daga sauran. A ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, bayanin asusun banki da ake kira RIB yana da gurabe 24: biyar na banki, biyar na reshe, goma sha biyu na asusu, sai biyu na mabuɗi. Aikin wannan mabuɗi shi ne kama kuskuren yatsa, in an juya alƙaluma ko an tsallake ɗaya. Ba ya kama ɓarawo, domin asusun ɓarawo ma asusu ne na gaske, lissafinsa kuma daidai yake fita. Lambar waya ba ta da irin wannan mabuɗi ko kaɗan. Alƙalami ɗaya ya goce, kuɗi sun tafi wurin wani bawan Allah a Gaya ko Agadas.

Sunan mai asusu

Mataki mafi amfani da na'ura take bayarwa shi ne fito da sunan mai asusu kafin a kammala. A Najeriya tsarin aika kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda NIBSS, kamfanin da ke daidaita biya tsakanin bankunan ƙasar, ke gudanarwa tun 2011, yana nuna sunan da zarar an sa lamba an zaɓi banki, kuma tun 2014 akwai lambar BVN mai alƙaluma 11 da ke ɗaure asusu da zanen yatsun mai shi. A yankin sefa, babban bankin yankin, BCEAO, ya ƙaddamar da dandalin biya nan take mai suna PI-SPI a 2025, wanda ke haɗa bankuna da asusun waya da ƙananan gidajen bashi. Ƙasashen Turai masu amfani da yuro ma sun wajabta wa bankunansu gwada suna da lamba daga Oktoban 2025.

Sai dai a wannan yanki sunan mai asusu shaida ne mai rauni, kuma dalilan suna cikin yadda ake rayuwa. Sunaye kaɗan ne ke yawo a bakin miliyoyin mutane. Masu suna Sani Ibrahim ko Abdullahi Musa ba su ƙirguwa, mai damfara kuma ba ya shan wahala wajen samun asusu mai suna kusa da wanda ake jira. Rubutun suna ma ya bambanta: wanda takardarsa ta Nijar ta ce Ousmane ko Mahamadou, a can Usman ne ko Muhammad, don haka ido ya saba da yafe bambanci. Mafi muni, kasuwa da kanta ta saba wa mutane karɓar sunan da bai dace ba. Mai kaya na ƙwarai yakan ce a tura a asusun ƙanensa, ko na yaron shagonsa, ko na mai POS da ke bakin layi, saboda nasa ya cika ko ba ya karɓa. Da yake ana yin haka kullum kuma lafiya lau, ranar da ɓarawo ya faɗi magana iri ɗaya ba wanda gabansa ke faɗuwa. Wannan al'ada ta fi kowace dabarar kwamfuta yi wa ƴan damfara aiki, kuma ya kamata manyan ƴan kasuwa su fara barinta daga shagunansu.

Akwai kuma asusun aro. Ana biyan ɗalibi ko ɗan acaba wani ɗan abu ya buɗe asusu da katinsa, ko ya ba da nasa a yi amfani da shi. Kuɗin sata suna shiga a kwashe su cikin mintuna, in bincike ya zo shi za a kama, wanda ya shirya abin kuma bai bar sawu ba.

Musanya asusu a tsakiyar ciniki

Wannan ita ce damfarar da ta fi cin manyan kuɗi tsakanin ƴan kasuwa. Tana farawa da sace WhatsApp ɗin mai kaya. A kira shi a ce an sa shi cikin wani zaure na tallafi ko na ƙungiyar kasuwa, ya karanto alƙaluma 6 da suka shigo wayarsa. Da ya karanto, asusunsa ya koma wata waya. Daga nan ɓarawo ya soma rubuta wa abokan cinikinsa da hoton da suka sani, da gaisuwar da suka saba ji, ya ce asusun da aka saba ya samu matsala, ga sabo, a hanzarta domin mota na shirin tashi.

Maganinta ba ya buƙatar wata manhaja. A shago mai tsari, yaro yana ganin sabuwar lamba sai ya dakata ya juya wurin maigidansa: «Alhaji, ranka ya daɗe, asusun da ya turo yau ba shi ne na cikin littafi ba, sunan ma na mace ne.» Alhaji ya ce, «Ajiye wayar tukuna. Kira min shi a tsohon layinsa, in bai ɗauka ba ka nemi dillalinmu ya taka har shagon.» Abin lura shi ne ta inda aka bi. Ba a tambayi mai saƙon a cikin zauren da saƙon ya zo ba, domin in ɓarawo ne shi zai amsa ya ce ƙwarai kuwa. An bi ta wata hanya dabam wadda aka sani tun kafin yau: kiran murya kai tsaye a lambar da ke rubuce a littafin shago, ko mutum da ƙafarsa. Saƙon murya da aka naɗa ba ya wadatarwa, tunda ana iya tura tsoho ko a kwaikwayi murya da na'ura. A kan kira kuwa ana iya jefa tambayar da mai kaya kaɗai ya san amsarta, kamar ragowar bashin wancan lodi.

Wasu kan fara tura jaka ɗaya ta gwaji, wato sefa dubu. Dabara ce mai kyau in mai karɓa ya tabbatar da shigarta ta waccan hanya ta biyu. In a zauren da ake zargi aka tabbatar, an dai ba ɓarawo jaka ɗaya kafin a ba shi sauran.

Sauran dabaru sun fi sauƙin ganewa. Akwai saƙon bogi mai kama da na kamfani, sai kira ya biyo baya da muryar kuka, wai an yi kuskuren turowa, don Allah a mayar; duba ainihin abin da ke cikin asusu yana warware shi. Akwai mai kira da sunan ma'aikacin kamfani yana neman lambar sirri, abin da kamfani ba ya tambaya. A gidajen aika kuɗi, lambar cirewa da ke kan resi ita ce kuɗin, bai kamata hotonta ya je ga kowa ba in ba mai karɓa ba. Layin waya da aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani na iya sake ba wani, don haka lambar ɗan'uwa da ya yi shekaru a Libiya ko Aljeriya tana buƙatar kira kafin a tura mata komai.

Adireshin kirifto

Wasu matasa da ƴan canji suna amfani da USDT, kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, wajen biyan kaya a Dubai ko Sin, ko don gudun faɗuwar naira. A nan babu sunan mai asusu, babu ofishin da zai mayar da abin da ya fita. Adireshin Bitcoin yana farawa da 1 ko 3 ko bc1. Na Ethereum yana farawa da 0x, gurabensa 42. Na Tron, wanda USDT ke yawan bi ta kansa, yana farawa da T, gurabensa 34. Dole mai turawa da mai karɓa su daidaita a kan hanya ɗaya, in ba haka ba kuɗin na iya maƙalewa inda ba a iya ɗauko su.

Da yake ba mai iya haddace irin wannan jeri, mutane kan kwafa su liƙa, su duba haruffa huɗu na farko da huɗu na ƙarshe. Ƴan damfara sun san da haka. Suna sa kwamfuta ta ƙirƙiro adireshin da kansa da wutsiyarsa suka yi daidai da na wanda aka saba biya, su aiko da ɗan abin da bai kai komai ba domin ya bayyana a tarihin jakar. Gobe mai jaka ya kwafo daga tarihi, ya duba farko da ƙarshe, ya tura. A watan Mayun 2024 wani ya yi asarar abin da ya kai dalar Amurka miliyan 68 ta wannan hanya, ko da yake daga baya an mayar masa, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Akwai kuma mugayen manhajoji da ke ɓoye a waya ko kwamfuta, suna musanya adireshi tsakanin kwafa da liƙawa. Saboda haka ake karanta jerin gaba ɗaya har tsakiyarsa, a adana adireshin da aka tabbatar a littafin jakar da suna, a daina ɗaukowa daga tarihi.

Kirifto yana da abu guda da banki ba shi da shi: littafinsa a buɗe yake. A shafuka irin su Tronscan da Etherscan kowa na iya sa adireshi ya ga ranar da ya fara aiki, da abin da ya shiga, da inda ya fita. Adireshin da aka ce na babban kamfani ne amma shekaranjiya aka buɗe shi, ko wanda ƙananan kuɗi ke shigo masa daga mutane barkatai ana kwashewa nan take, ya isa a ja da baya. Shafin Chainabuse yana tara ƙorafin waɗanda aka cuta, kamfanin Tether mai fitar da USDT kuma yana iya daskarar da shi a adireshin da hukuma ta nuna. Samun adireshi a jerin ƙorafi hujja ce mai ƙarfi. Rashin samunsa ba ya wanke shi, domin buɗe sabo ba ya cin ko dala, kuma wanda aka fara cuta bai riga ya kai ƙara ba. Haka nan adireshi mai tsabta ba ya gyara ciniki ruɓaɓɓe: waɗanda suka zuba kuɗi a shirye-shiryen zuba jari na bogi, wato MMM kafin ya rushe a Najeriya a ƙarshen 2016, da CBEX a Afrilun 2025, sun tura ne daidai inda aka ce su tura.

Doka da kai ƙara

Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019. ARCEP ce ke sa ido kan kamfanonin waya, BCEAO kan masu fitar da kuɗin lantarki, CENTIF kuma kan zirga-zirgar kuɗi masu alamar tambaya. Wanda aka damfara yana fara kiran kamfanin ko ya je reshensa da lambar shaidar turawa, da lokacin, da lambar da ta karɓa, ya nemi a riƙe asusun, sannan ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma da hotunan saƙonnin. Ana iya riƙe kuɗi ne kawai in suna nan ba a cire ba, shi ya sa sa'ar farko ta fi kwanakin da ke biye da ita. In kuɗin sun tsallaka Najeriya ta hannun ɗan canji, a idon bankin can shi ne mai turawa, don haka shi ne zai shigar da ƙorafi, kuma mayar da kuɗi daga asusun wani sau da yawa sai da umarnin kotu.