Wasannin bidiyo da ake ɗokin fitowarsu: me za ka gaskata a taron baje koli?

Daga Yuni zuwa Satumba kamfanonin gem ke baje hajarsu, masu wasa kuma su kwana suna lissafin abin da za su saya. Ga tambayoyin da aka fi yi a wannan kaka, da amsoshinsu.

Tunda an daina E3, waɗanne taruka ake jira?

E3, babban taron baje kolin gem na Amurka, ya fara a Los Angeles a 1995, ya yi zamansa na ƙarshe ido da ido a 2019, sannan a Disamban 2023 aka sanar da rufe shi. Yanzu Gamescom na cikin waɗanda suka fi tara jama'a. Ana yin sa a Kolon ta Jamus a watan Agusta tun 2009, kuma kimanin mutum 335,000 suka halarta a 2024. Akwai Tokyo Game Show a Satumba, a zauren Makuhari Messe da ke Chiba, da PAX a Seattle da Boston. Summer Game Fest na Yuni da The Game Awards na Disamba kuwa, mai wasa kallo kawai yake yi. A Gamescom, Tokyo Game Show da PAX ne kake riƙe hannun gem da kanka, kuma gani ya kori ji.

Na kalli tirela (gajeren bidiyon tallan wasa) ta burge ni. Haka wasan zai fito?

Ya danganta da irin tirelar, don ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Mafi rauninsu ita ce mai nuna suna kawai. A 2017 Nintendo ya nuna sunan Metroid Prime 4, a Janairun 2019 ya sanar cewa an watsar da aikin an faro daga tushe, wasan bai fito ba sai Disamban 2025. Suna a allo yana nufin an yanke shawarar yin wasan, ba wai ya kusa ba.

Sama da ita akwai wadda aka haɗa kamar fim a manyan kwamfutoci, kowane hoto a ba shi lokacin da yake so. Na'urarka kuwa dole ta zana hoto 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, kana dannawa tana amsawa. Tirelar Killzone 2 ta E3 2005 irin wannan ce: buri aka nuna, wasan kansa sai 2009. Akwai kuma wadda aka ɗauka da injin wasan na gaske, wato manhajar da ke tafiyar da shi, amma darakta ne ke juya kyamara, yana kauce wa duk inda aibu yake.

Wadda za ka dogara da ita tana da alamu. Za ka ga ma'aunin rai, 'yar taswira da ƙidayar harsashi a gefen allo, kyamara tana bin ɗan wasa yadda za ta bi ka, kuma a yi minti ɗaya ko fiye ba a yanka ba. In ana sauya hoto duk bayan daƙiƙa biyu, talla kake kallo. Ka tsayar da bidiyon ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, a nan ake faɗin na'urar da aka ɗauka da ita.

To wanda na buga da hannuna a rumfa fa?

Wannan ya fi tirela nesa ba kusa ba, amma shi ma tsakure ne. Ana ware yanki ɗaya na minti 10 zuwa 20, a goge shi tas, sauran wasan kuma ana kan gini. Sau da yawa hannun na'urar gem ne a tafinka, amma wayarsa tana shiga kwamfuta mai ƙarfi da ke cikin akwati. Ka tambayi ma'aikacin rumfar, yawanci zai faɗa maka. Ko nunin da ake yi a dandamali yana iya canzawa: Watch Dogs da aka nuna a 2012 ya fi wanda ya fito a 2014 kyan haske da inuwa.

Abin yana iya juyewa. Demo ɗin taro, wato tsakuren da ake ba ka ka gwada, tsoho ne, an cire shi daga babban aikin makonni kafin ranar, don haka in ya tsaya cak sau ɗaya ba lallai wasan ya lalace ba. Abin da ya kamata ka auna shi ne yadda yake a hannu: ka danna tsalle ka ga ko akwai jinkiri, ka juya kyamara da sauri a wuri mai cunkoso, ka shiga lungu ka ga ko za ta ruɗe. Waɗannan ba su cika sauyawa ba. Tsawon labari da faɗin duniyar wasan kuwa, demo ba zai nuna maka ba.

Yaya zan tsara yini ɗaya a zauren?

Ka zaɓi manyan wasanni uku, ba goma ba. Layin wasan da ake rububinsa yana cin awa biyu ko fiye, wasu rumfunan ma suna rufe layi tun rana na sama. Ka isa kafin a buɗe ƙofa, ka nufi wanda ka fi so kai tsaye. Ka duba tikitinka da kyau, domin ranakun farko na Tokyo Game Show na 'yan kasuwa da manema labarai ne. A Gamescom ana ba da zoben hannu na shekara 12, 16 da 18, sai da katin shaida, kuma in babu shi ba za ka shiga rumfar manya ba komai tsayuwar da ka yi.

Da tsakar rana ka koma ɓangaren ƙananan kamfanoni. Layi gajere ne, kuma sau da yawa wanda ya gina wasan ne ke tsaye kusa da kai yana kallon inda kake kakarewa. A ganinmu nan ne daɗin taron yake.

In sun faɗi ranar fitowa, an gama magana?

A'a. A E3 2019 an ba Cyberpunk 2077 ranar 16 ga Afrilu, 2020. Aka ɗage sau uku, ya fito 10 ga Disamba, kuma tangarɗarsa a PlayStation 4 ta sa Sony ya cire shi daga shagonsa har Yunin 2021. Ranar da ta fi tabbata ita ce wadda aka faɗa ana dab da ita, kamar Hollow Knight: Silksong, da aka sanar da ranarsa a Agustan 2025 ya fito 4 ga Satumba.

In biya kuɗi tun kafin ya fito?

Cinikin biri a sama ke nan. Wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a shago, babu abin sauri. Ka sa shi a jerin abubuwan da kake so, ka jira sharhin masu gwaji a kan irin na'urarka. In ka saya a Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14, muddin ba ka kai awa biyu kana bugawa ba.

Wanda ba zai iya zuwa ba fa?

Ana watsa manyan sanarwar kai tsaye a YouTube da Twitch. Don taɓawa da hannu kuma akwai Steam Next Fest a Fabrairu, Yuni da Oktoba, mako guda na demo kyauta a kan kwamfutarka. Ka sauke da wuri, don wasu ana janye su da zarar makon ya ƙare.