Bibiyar nau'o'in ƙwayar cutar ƙyanda ta hanyar ƙwayoyin halittarta

Bibiyar nau'o'in ƙwayar cutar ƙyanda, wadda ake kira baƙon dauro, aiki ne na ɗakunan gwaje-gwaje inda ake karanta jerin sinadaran gadon ƙwayar domin a gane daga ina ta fito da kuma hanyar da ta bi tsakanin jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsara yadda ake raɗa wa nau'o'in suna a shekarar 1998, kuma a yau an san manyan rukunai 8, daga A zuwa H, waɗanda suka kasu gida 24, irin su B3 da D8.

Ana ɗaukar samfuri daga maƙogwaron majiyyaci ko fitsarinsa a kwanakin farko bayan ƙuraje sun feso, sannan a karanta wani ɗan yanki mai harufan gado 450 daga cikin 15,894 da ƙwayar ke ɗauke da su, yankin da masana ke kira N-450. Sunan da ake bai wa kowane samfuri yana nuna gari da ƙasa da mako da shekarar da aka same shi, kuma ana tura sakamakon zuwa MeaNS, rumbun bayanan gadon ƙwayar ƙyanda na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗaya daga cikin samfuran da ake auna nau'in B3 da su an samo shi ne a Ibadan a 1997, kasancewar nau'in ya daɗe yana yawo a Afirka.

Babban amfanin aikin shi ne tantance ko cutar shigowa ta yi daga waje ko kuwa tana zaune a gida, domin ƙasa tana rasa matsayinta na wadda ta kawar da ƙyanda idan ƙwaya iri guda ta yi watanni 12 tana yaɗuwa ba yankewa, kamar yadda ya faru ga Benezuwela a 2018 da Barazil a 2019. Ɓarkewar da ta faro a wurin shaƙatawa na Disneyland a Amurka a ƙarshen 2014 kuwa, an gano B3 ce irin wadda ta addabi Filifin a wannan shekarar. Haka nan gwajin yakan raba gardama idan yaro ya yi ƙuraje bayan allurar rigakafi, ko allurar ce ta jawo su ko cutar ce ta kama shi, tunda dukkan ƙwayoyin rigakafi 'yan rukunin A ne. Bambancin nau'i dai ba ya rage ƙarfin allurar, allura iri ɗaya ce ke kare mutum daga dukkansu.

Rigakafi ya sa nau'o'in sun yi ta ɓacewa, har ya zama tun daga 2021 B3 da D8 kaɗai ake gani, abin da ya jawo wata matsalar, domin samfura daga ƙasashe masu nisa da juna sukan zo iri ɗaya sak a yankin N-450. Wannan ya sa ɗakunan gwaji suka fara karanta yanki mafi tsawo ko ilahirin jerin gadon, aikin da ya fi tsada kuma yake buƙatar ƙwararru da na'urorin da ba kowace ƙasa ke da su ba.