Radar Na Gida A Hancin Jirgin Yaƙi: Ga Amsoshin, Kada A Sake Tambayata

Duk sanda wata ƙasa ta fito ta ce ta ƙera radar nata na jirgin yaƙi, tambayoyi iri ɗaya ne ke biyo baya. Na gaji da amsa su ɗaya-ɗaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda. A karanta har ƙarshe kafin a yi musu.

Me ya raba shi da radar na da?

Na da faranti ne guda a hancin jirgi, ɗan inji na juya shi hagu da dama. Na yanzu allo ne cike da ɗaruruwan ƙananan eriya. Kowace na sakin igiyar rediyonta da ɗan jinkiri bayan maƙwabciyarta, sai igiyoyin su ƙarfafa juna ta fuska ɗaya, su danne juna ta sauran. Da kwamfuta ta sauya jinkirin, hasken radar ɗin, wato igiyoyin da suka haɗu, ya karkata nan take. Na da sai ya juya wuya, na yanzu ido kawai yake juyawa.

PESA da AESA duk abu ɗaya ne?

A'a. Duka biyun nau'o'in radar mai allo ne, amma a PESA mai aika saƙo guda ne babba, shi ke ciyar da duka eriyoyin. Irinsa ne Zaslon na jirgin MiG-31 da Tarayyar Sobiyet ta fara aiki da shi a 1981. A AESA kowace ƙwaya, wato kowace ƙaramar eriya, da nata mai aikawa da mai karɓa, saboda haka ko wasu sun mutu sauran na ci gaba da aiki. Japan na cikin na farkon da suka sa shi a jirgin yaƙi, a F-2, a shekarar 2000.

Kilomita nawa yake gani?

Wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai. Gani na me? Jirgin dakon kaya ko ɗan jirgi marar matuƙi? Daga sama ko yana bin ƙasa? Lambar da ba a faɗi girman abin da aka hango ba talla ce kawai, ku daina jifan juna da ita. Ku riƙe wannan: kafin radar ya ninka nisan ganinsa sau biyu ta hanyar ƙarfi kaɗai, sai an ninka ƙarfin sau 16.

Me ya sa ba za a saya kawai a huta ba?

Don mai sayarwa na iya hanawa. Koriya ta Kudu ta sayi jiragen yaƙi F-35 guda 40 daga Amurka, tana sa ran samun fasahar da za ta gina jirginta KF-21. A 2015 ta bayyana cewa Amurka ta ƙi ba da fasahohi huɗu, radar AESA na ciki. Sai hukumar binciken tsaron Koriya da kamfanin Hanwha Systems suka zage damtse suka yi nasu, mai ƙwayoyi kimanin 1,000. Ko an sayar maka ma, akwati ne a rufe. Ba ka da ikon taɓa manhajar, ba ka iya ƙara masa sanin sabon jirgin abokin gaba, ba ka iya haɗa shi da makami mai linzami naka sai da yardar mai shi.

Ai ba na gida ba ne tunda akwai kayan waje a ciki!

Ku kwantar da hankalinku. Babu ƙasar da ke haƙo kowane ma'adani ta kuma ƙera kowane guntu da kanta. Ƙwayoyin radar ana yin su ne da sinadarin galiyom, na da haɗinsa da arsenik (GaAs), na yanzu haɗinsa da nitrojin (GaN) mai jure ƙarfi da zafi, kuma Sin ce ke samar da kusan duk ɗanyen galiyom na duniya, har ta sa takunkumi kan fitar da shi a 2023. Koriya ma ta nemi taimakon kamfanin Elta na Isra'ila wajen gwaji. Abin tambaya shi ne: wa ya zana shi, manhajar a hannun wa take, wa ke iya gyara ta ba tare da neman izini ba?

To za a iya cire tsohon radar a tsohon jirgi a sa sabon na gida?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Amsar: ana iyawa, amma ya danganta, kuma sau da yawa radar ɗin ne mafi sauƙi a cikin aikin. Fara da hancin jirgin. Faɗinsa ne ke yanke yawan ƙwayoyin da za su shiga, jirgi mai siririn hanci ba zai ɗauki abin da babba ke ɗauka ba komai ƙwarewar injiniya. Sannan zafi. Kaso mai yawa na wutar da AESA ke sha zafi yake komawa, galibi sai da ruwan sanyaya, tsohon jirgi kuwa wataƙila ba a gina shi da bututun hakan ba. Janaretansa ma mai yiwuwa bai isa ba. Idan nauyin hanci ya canza, daidaiton jirgin a sama na iya taɓuwa. Murfin hancin kansa an yi shi ne don igiyoyin tsohon radar, wani lokaci sai an sake shi.

A ce duk an warware waɗannan, saura kwamfutar jirgin. Idan ta kamfanin waje ce kuma a rufe, sabon radar ɗin zai ga abu amma ba ta inda zai gaya wa makami. Shi ya sa Turkiyya, a shirinta na Özgür, ta sa wa tsofaffin F-16 nata kwamfutar gida, kana kamfaninta Aselsan ya gwada radar ɗinsa MURAD a kansu a 2024. Akwai wata hanyar kuma: kamfanin Northrop Grumman na Amurka ya zana radar APG-83 ne musamman don ya dace da wuta da sanyayawar da F-16 ke da su, Taiwan ta sa shi a nata. To amma radar da aka matse ya dace da tsohon gida ba lallai ya ba da duk ƙarfin da zai iya ba. Kuma a lissafa shekarun da suka rage wa gangar jikin jirgin. Idan ta kusa gajiya, a ganina gara a adana kuɗin don sabo. Idan da sauran ƙarfi, kuma ƙasar na da ikon taɓa kwamfutar, aikin na iya biyan kuɗinsa.

Yana ganin bayansa?

A'a. Allon da ba ya motsi na karkata haskensa kimanin digiri 60 kowane gefe, yana raunana yayin da ya nufi baki. Don haka aka ɗora na jiragen yaƙi Gripen E da Eurofighter a kan mazauni mai juyawa.

An nuna shi a baje koli, ke nan ya kammala?

Haba! Nuna allo daban, radar mai aiki daban. Wahalar tana cikin manhajar da za ta tsamo jirgi daga cikin amon ƙasa da teku da kutsen abokin gaba, wannan kuwa sai da gwaji a sama na shekaru. Koriya ta nuna samfurinta a 2020, ta gwada shi a Boeing 737 da aka gyara, sai a 2023 ya tashi a cikin KF-21. Indiya ta daɗe tana aikin nata Uttam, amma rukunin farko na jirgin yaƙinta Tejas Mk1A da radar Isra'ila EL/M-2052 aka tsara shi.