Auna Aikin Shugabannin Sikawut

Auna aikin shugabannin Sikawut tsari ne da ƙungiyoyin Sikawut ke bi don duba ƙwazon manya masu aikin sa-kai da ke kula da yara da matasa. A nan ake nuna wa mutum inda ya yi daidai da inda yake bukatar gyara, sannan a yanke shawarar ko zai ci gaba da riƙe muƙaminsa. Galibin shugabannin nan ba a biyan su ko sisi. Malaman makaranta ne da ma'aikata da iyaye, masu sadaukar da yammacinsu da ranakun hutunsu. Shi ya sa ba a bi da su yadda ake bi da ma'aikacin ofis: babu albashin da za a yanke, kuma wanda aka ci wa fuska ajiye aikin zai yi ya koma gida.

Asali

Robert Baden-Powell, wanda ya kafa Sikawut, ya gwada tsarinsa a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila cikin watan Agustan 1907, da yara kimanin 20. Kafin a ankara rundunoni sun bazu ko'ina a Birtaniya, sau da yawa ma yaran ne ke haɗa kansu, su je su roƙi wani babba ya shugabance su. Don kada kowa ya ɗaura ƙyalle a wuya ya ce shi shugaba ne, hedikwata ta riƙa ba da takardar naɗi, bisa shawarar kwamitin yanki da kwamishinan gunduma. Hukumar da ta bayar tana da ikon janyewa. Sai dai takardar shaidar hali ce kawai, ba ta nuna ko mutum ya iya aikin.

Gilwell da Wood Badge

A 1919 wani attajiri ɗan Sikotilan, William de Bois Maclaren, ya ba da fam 7,000 aka sayi filin Gilwell a bakin dajin Epping, kusa da Landan. A watan Satumban shekarar aka yi kwas na farko na horar da shugabanni a can, a ƙarƙashin Francis Gidney, mahalarta ba su kai 20 ba. An rarraba su ƙananan rukunoni kamar yaran da za su je su koya wa. Suna kwana a tanti, suna dafa abincinsu, shugabancin rukuni kuma yana zagayawa, masu horarwa na lura da kowa.

Kashi uku aka raba horon. Akwai na rubutu, inda shugaba ke amsa tambayoyi daga gida, wani gogagge ya karanta ya mayar masa da sharhi. Akwai na sansani. Na ukun shi ne ya fi muhimmanci ga wannan batu: mutum ya koma rundunarsa ya yi aiki na wasu watanni, kwamishinan gunduma yana zuwa yana gani da idonsa, sai ya gamsu ya sa hannu. Tsawon wannan lokaci ya sha canzawa daga zamani zuwa zamani, daga ƙasa zuwa ƙasa. Hikimar da ke ciki a fili take, domin wanda ya burge mutane a sansanin kwana goma ba lalle ba ne ya iya riƙe yara talatin duk mako.

Wanda ya kammala ana ba shi Wood Badge, wato 'yan ƙwayoyin katako biyu a igiyar fata, tare da ƙyallen wuya mai ɗauke da ɗan yankin yadin dangin Maclaren. Mataimakin mai horarwa yana rataya uku, cikakken mai horarwa huɗu. Baden-Powell kansa shida ya riƙa sawa. An ce ƙwayoyin farko daga wata doguwar sarƙar wuya aka ciro su, ta Dinizulu sarkin Zulu, wadda Baden-Powell ya samo lokacin yaƙin 1888 a kudancin Afirka. Wasu masana tarihi suna shakkar cewa ta sarkin ce.

Manufar duniya

Sai a 1990, a babban taron Sikawut na duniya da aka yi a Paris, aka amince cewa horo kaɗai bai isa ba. A 1993 a Bankok aka mayar da wannan ra'ayi manufa a rubuce, aka sabunta ta a Kuritiba ta Brazil a 2011. Manufar ta tsara zaman babba a ƙungiya mataki-mataki: a nemo shi, a zauna a yi yarjejeniya kan abin da zai yi da taimakon da za a ba shi, a naɗa shi na wa'adi ƙayyadadde, a horar da shi, a riƙa bibiyar aikinsa. Idan wa'adi ya cika, ɗaya daga cikin abu uku ne: a sabunta naɗin, ko a sauya masa wani aiki, ko ya sauka. Amfanin wa'adin shi ne yana ba dattijon da ya gaji, ko wanda aikin ya fi ƙarfinsa, damar sauka da mutuncinsa ba tare da an ce korar sa aka yi ba.

Yadda ake yi a yau

A Birtaniya an daɗe ana bin ƙa'idar cewa kada naɗi ya wuce shekara biyar ba a zauna an yi bita ba. Hira ce tsakanin shugaba da wanda ke sama da shi, kuma shi ma yana da bakin faɗin inda ƙungiya ta gaza masa. A Amurka, inda aka soma horon Wood Badge a hukumance a 1948, mahalarci yana rubuta buri biyar, a ba shi wata 18 ya cika su, tare da mai ba shi shawara. A can kuma ana yawan amfani da tambayoyi uku bayan kowane aiki: me za mu fara, me za mu daina, me za mu ci gaba da yi.

Sikawut ya shigo Najeriya a 1915, ƙungiyar ƙasar ta shiga ta duniya a 1961, ta Nijar kuma a 1996.

Kare yara

A nan ne tsarin ya fi shan suka. A 2012 kotun ƙolin jihar Oregon da ke Amurka ta ba da umarnin a fito da fayil fiye da 1,200 da ƙungiyar Amurka ta ajiye a asirce tsakanin 1965 da 1985, na mutanen da aka hana aiki bisa zargin lalata da yara. Takardun sun nuna cewa sau da dama ba a kai maganar ga 'yan sanda ba, wasu kuma sun sake shiga ta wata runduna. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ta je kotu ta ayyana karayar arziki, mutum fiye da 82,000 suka shigar da buƙatar diyya. Ana jayayya kan ko fayil ɗin sun kare yara ne ko sunan ƙungiya. A 2017 taron Sikawut na duniya da aka yi a Baku ta Azerbaijan ya amince da manufa ta musamman kan kare yara daga cutarwa, kuma a ƙasashe da dama yanzu sai an binciki tarihin mutum wurin hukuma kafin a naɗa shi, ba a kuma yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro ba.