Matse bidiyon anime: saitin da ake zaɓa da ƙarfin wayar da za ta buɗe shi

Matse bidiyo, wanda masu harkar ke cewa inkodin, shi ne a ɗauki babban fayil a rage masa nauyi ba tare da hoton ya lalace yadda ido zai lura ba. Warwarewa kuma aikin dikoda ne, wato abin da ke cikin waya ko kwamfuta da ke kwance matsin nan lokacin da ake kallo. Biyun nan tare suke tafiya, don duk wahalar da mai matsewa ya ɗora wa fayil, wayar mai kallo ce za ta sauke ta. A Zariya ma'abota anime, wato fina-finan zane na Japan, yawanci ɗalibai a Samaru da Kongo da masu tura fina-finai a shagunan caji, sun san wannan ko da ba su san sunayen ba, kowa ya taɓa karɓar fayil ta Xender ya buɗe ya ga murya ta yi gaba hoto na biyo ta a baya yana ciccijewa.

Abin da ya bambanta anime

Zanen Japan ba kamar fim ɗin da aka ɗauka da kyamara ba ne. Launuka a shimfiɗe suke, layuka baƙaƙe masu kaifi, kuma duk da bidiyon na tafiya a firam (wato hotuna ɗaiɗai da ke jere) 23.976 a daƙiƙa, sau da yawa zane ɗaya ake riƙewa firam biyu ko uku, wato zane 12 ko 8 kacal a daƙiƙa, wani lokacin ma baki ne kawai ke motsi sauran hoton na tsaye. Shi ya sa anime ke matsuwa sosai. Amma yana da nasa ciwon, inda launi ke sauyawa a hankali, kamar sararin sama da magariba ko ɗaki mai duhu, idan aka matse da yawa sai ka ga launin ya rabu hawa-hawa kamar matakala. A fim ɗin kyamara ƙurar hoto, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da ke jikin hoton, na rufe wannan, a anime babu inda zai ɓuya.

Kodek

Kodek shi ne tsarin da ake bi wajen matse bidiyo da warware shi, kuma uku ne ake yawan cin karo da su. H.264 ya fito a 2003, kuma x264 ce manhajar da aka fi matsa shi da ita. H.265, wanda ake kira HEVC, ya zo a 2013, ana yin sa da x265, yana ba da kwaliti iri ɗaya a ƙaramin fayil amma ya fi cin lokaci wajen matsewa. AV1 kuma na 2018 ne, kyauta ne babu kuɗin lasisi, sai dai wayoyi masu araha da yawa ba su da shi a cikin cif ɗinsu. Manhajojin matse bidiyo HandBrake da FFmpeg duk suna ɗauke da ukun.

Maganar 10-bit

Nan ne rigimar take. Bidiyo na 8-bit yana da hawa 256 a kowane launi, na 10-bit yana da 1024, don haka matakalar nan ta launi tana raguwa sosai, kuma abin mamaki ko da asalin bidiyon 8-bit ne, matse shi a 10-bit na taimakawa saboda lissafin cikin inkoda ya fi daidaito. Wajen 2011 ƙungiyoyin da ke fassara anime suna sakawa a intanet suka rungumi H.264 mai 10-bit, wanda ake wa laƙabi da Hi10P, su dai a kwamfuta suke kallo ba ruwansu. Matsalar ita ce kusan duk cif ɗin waya da na talabijin ba su san Hi10P ba, 8-bit kawai suke iya buɗewa a H.264. To idan cif ya ƙi, sai aikin ya koma kan furosesa, a MX Player za ka ga alamar sama ta sauya daga HW (cif ke buɗewa) ta koma SW (furosesa ke buɗewa), daga nan waya ta fara zafi kamar dutsen guga, batir na zuba, idan 1080p ne a ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno to sai haƙuri. Wanda wuta ba ta zama a unguwarsu ya san ba ƙaramar asara ba ce cajin da zai kai shi kallon kashi biyar na anime ya ƙare a kashi na biyu. HEVC mai 10-bit lamarinsa daban ne, shi yana cikin tsarin da masu ƙera cif suka karɓa, wayoyi da dama na 'yan shekarun nan suna buɗe shi a HW lafiya lau. Kenan wanda ke son 10-bit don waya, gara ya bi ta x265, Hi10P a bar wa laftof.

Saitin da ake taɓawa

CRF, wato saitin kwalitin hoto, shi ne babba. Lamba ce daga 0 zuwa 51, ƙarama ta fi kyau ta fi nauyi, x264 na farawa a 23, x265 a 28, kuma lambobin ba ɗaya suke nufi a kodek biyun ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarin 6 na rage fayil kusan rabi. Ga anime mutane na zama tsakanin 18 da 22 a x264. Sai firiset, daga ultrafast har placebo, wannan lokaci ne kake sayen ƙanƙantar fayil da shi, slow ya wadatar, placebo kuwa, wato maganin bogi, sunansa ma ya faɗa maka, ɓata wuta ne kawai, balle mai matsewa da janareta.

Akwai tune animation a x264, wanda ke ninka yawan firam ɗin da inkoda ke waiwaya ya kwafa daga gare su, ya ƙara B-firam biyu (firam da ke kwafa daga na baya da na gaba), ya ƙara goge dabbare-dabbare. Yana da kyau ga zane mai santsi amma yana iya share ƙurar da aka sa da gangan a tsofaffin anime. Kuma a kula da waiwayen nan, matakin 4.1 na H.264, wanda shi ne tsofaffin na'urori da yawa suka tsaya a kai, firam 4 kawai ya yarda da su a 1080p, ka zarce ka ga tsohuwar talabijin mai ramin filasha ta ce ba ta san fayil ɗin ba.

Girman hoto kuwa, 720p ya ishi allon waya, dama anime na talabijin da yawa ba a cikakken 1080p aka zana su ba, ɗaga su aka yi. Lissafin nauyi ba wuya: kashi ɗaya kamar minti 24 ne, daƙiƙa 1440 kenan, a kilobit 1000 cikin daƙiƙa zai ba ka wajen MB 180, ban da sauti. Sautin ma a sa nau'in AAC mai sauƙi, nau'in FLAC nauyi ne na banza ga mai iyafis.

Sabtaitil

Mutane na mantawa da shi alhali shi ma yana kayar da waya. Anime yawanci a fayil ɗin MKV yake zuwa da sabtaitil nau'in ASS, wanda ba rubutu ne zalla ba, yana da launi da motsi da fassarar allunan da ke cikin hoto, kuma furosesa ce ke zana shi ko da bidiyon na tafiya a HW. Shi ya sa wani fayil ke tafiya sumul sai an zo waƙar buɗewa, inda rubutu ke rawa, ya kakare. Ana iya ƙona rubutun a jikin hoton tun wajen matsewa, sai dai ba ya ciruwa kuma, ko a mayar da shi SRT, wato rubutu zalla, a rasa adon.

Gwaji

Masu turi da suka goge a harkar ba sa matse kashi 24 gaba ɗaya su zauna jira. Minti ɗaya ake yankowa, a zaɓi wurin faɗa mai gudu da wani wuri mai duhu, a matse, a tura wa waya mafi rauni da ke shagon, irin mai fasasshen gilas ɗin nan da ke kwance a durowa, a buɗe a VLC da MX Player duka. Idan alamar ta tsaya a HW, murya ta zauna daidai da baki, bayan wayar bai ɗau zafi ba, sai a jera sauran a bar laftof ɗin ya kwana yana aiki.